Tsakanin matuƙi da hasumiya, "na ji" ba amsa ba ce

Duk jirgin saman da ke shirin sauka, a Lome ne ko Kano ko Jidda, rayukan da ke cikinsa suna rataye ne a kan wata gajeriyar magana tsakanin mutum biyu da ba sa ganin juna, galibi ma ba su taɓa haɗuwa ba. Ɗaya yana gaban jirgi, ɗaya yana hasumiya ko wani ɗaki gaban na'urar rada. Abin da ya haɗa su rediyo ne, irin oba-obar 'yan sanda: in ɗaya yana magana dole ɗaya ya saurara, in kuwa mutum biyu suka danna a lokaci guda sai ƙara ta tashi, maganar ta bi iska. Mu fasinjoji ba ma jin wannan zance. Muna can baya mun ɗaure bel, kowa na addu'a, wani kuma tuni ya fara laluben jakarsa.

Idan aka yi haɗari aka ce rashin fahimta ne tsakanin matuƙi da hasumiya, abin da mutane ke fara faɗa shi ne, "Ai Turancin ne bai ishe su ba." Ni dai ban yarda cewa nan gizo ke saƙar ba. Turanci yana da nasa kason, zan kuma zo kansa. Amma abin da ya fi cin rayuka shi ne zato. Wannan ya ɗauka wancan ya gane, wancan ya ɗauka abin da ya ji shi aka faɗa, babu wanda ya tsaya ya ce a sake.

Bari in fara da wanda ya fi taɓa mu. Mu Hausawan zango a Sokode da Mango da Gando da Dapaong, da yawanmu kakanni sun biyo hanyar fataken goro ne daga ƙasar Sakkwato da Kabi da Katsina da Kano, don haka makokin can namu ne. Ranar 11 ga Yulin 1991, wajen ƙarfe takwas da rabi na safe, wani jirgi samfurin DC-8 ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Jirgin na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, Nigeria Airways ya ɗauko shi haya. Fasinja 247, ma'aikata 14. Tun yana gudu a kan titi tayoyi biyu na ɓangaren hagu suka fashe, suka kama wuta, matuƙa ba su sani ba. Da jirgi ya ɗaga suka naɗe ƙafafunsa kamar yadda aka saba, wato suka shigar da wutar cikin cikinsa da hannunsu.

Ba a jima ba na'urori suka fara kuka, iskar cikin jirgi ta fara zurarewa. Kyaftin ya kira ƙasa. Sai dai maimakon ya kira kansa da sunan da aka rubuta wa jirgin a ranar, wato na Najeriya mai lamba 2120, sai bakinsa ya kuɓuce ya ambaci sunan kamfaninsu na gida. Jami'in da ke ƙasa ba shi da jirgi mai wannan suna a gabansa. A daidai lokacin kuma akwai wani jirgin kamfanin Saudiyya da shi ma ya kawo kukan matsalar iska. Sai jami'in ya ɗauka da wancan yake magana. An kwashe kimanin minti uku a haka, mutum yana ba da umarni ga jirgin da ba shi ne ke cin wuta ba. Daga baya aka gane, aka juyo da jirgin alhazan, amma wuta ta riga ta cinye shi. Ya faɗi saura mita 2,875 ya kai titin sauka. Babu wanda ya tsira a cikin mutum 261. Allah ya jiƙansu.

Dole a faɗi gaskiya a nan: masu bincike sun ce wannan ruɗani na minti uku ba shi ya kashe su ba, ko da an gane tun farko wutar ba ta barin jirgin. To me ya sa na kawo shi? Saboda in ka bi labarin baya, za ka tarar asalin musibar ma magana ce da ba ta isa inda ya kamata ba. Kwanaki kafin ranar an san akwai tayoyin da iskarsu ta yi ƙasa. Da safiyar tashin, babban makanike ya nemi iskar naitirojin da zai ƙara musu, ba a samu nan kusa ba, jami'in kamfani mai kula da kwangilar kuma ya ƙi yarda a jinkirta, aka sallami jirgi. Mutumin da zai tuƙa jirgin, wanda doka ta ba ikon ya ce ba zan tashi ba, bincike bai nuna an gaya masa ba. Wanda ya sani ya yi shiru, wanda ke da iko bai sani ba.

Shekara biyar bayan haka, ranar 7 ga Nuwamban 1996, jirgin kamfanin ADC samfurin Boeing 727 ya taso daga Fatakwal yana shirin sauka Legas. Wani jirgin na kamfanin Triax ya tashi daga Legas yana fuskantarsa. Jami'in rada ya ɗauka a ransa cewa tuni ya ba na ADC izinin yin ƙasa, har ya wuce ƙarƙashin wancan, alhali jirgin yana sama bai sauko ba tukuna. Da suka kusanci juna a wajen ƙafa 16,000, na'urar gargaɗin karo ta yi ƙara, matuƙi ya karkata jirgi da ƙarfi don ya kauce, jirgi ya ƙwace masa, ya faɗa ruwa kusa da Ejirin. Mutum 144 suka rasu, cikinsu har da Farfesa Claude Ake, masanin kimiyyar siyasa. Nan babu batun harshe ko kaɗan. Abin da ke kan jami'in daban, abin da ke sama daban. Kwana biyar kacal bayan wannan, a Indiya, jirgin Kazakistan da ke saukowa Delhi ya bar ƙafa 15,000 da aka ce ya tsaya, ya yi karo da jirgin Saudiyya da ya taso, mutum 349 suka hallaka.

Maganin da masu harkar jirage suka samo wa zato ba wani abu ne mai wuya ba, 'yan kasuwarmu ma sun riga su saninsa. A ƙasashen sefa in an ce dala ana nufin faran biyar, jika kuma faran dubu. Baƙon da ya zo daga Kano ya ji an ce "ɗari", in bai yi hankali ba zai ɗauka ɗari ce, alhali dala ɗari ake nufi, wato ɗari biyar. Shi ya sa dillalin kirki a kasuwar shanu ba ya barin ciniki ya faɗa da gyaɗa kai. Zai maimaita kuɗin da ƙarfi, mai saye ya maimaita, mai sayarwa ya ce ya sallama, shaidu na ji. Haka dokar sama take. In hasumiya ta ce ka sauko zuwa tsayi kaza, ka juya kaza, ka sauka a titi mai lamba kaza, ba a yarda ka ce "to" ko "na ji" ba. Sai ka maimaita lambobin, ka haɗa da sunan jirginka. Shi kuma na ƙasa wajibinsa ne ya kasa kunne ga maimaicin, in ya ji kuskure ya gyara nan take. Lambobi ɗaya bayan ɗaya ake faɗarsu, har an sauya lafazin wasu don kada su yi kama da wata kalma, tara ta Turanci misali ana ƙara mata wutsiya ta koma "naina".

Sai dai maimaici ba ya amfani in mai sauraro kunnensa na wani wuri. Ranar 19 ga Fabrairun 1989 wani jirgin dakon kaya na kamfanin Flying Tiger yana saukowa Kuala Lumpur a Maleshiya, aka ce masa ya sauko ƙafa 2,400. A Turanci kalmar "biyu" da kalmar "zuwa" lafazinsu ɗaya ne, "tu". Jami'in ya ce biyu, huɗu, sifili, sifili. Matuƙa suka ji zuwa huɗu, sifili, sifili. Kyaftin ya maimaita ɗari huɗu ɓaro-ɓaro, na ƙasa bai lura ba. Jirgi ya daki tsauni, duka mutum huɗun da ke ciki suka mutu. Kuskuren ya fito fili a rediyo, an faɗe shi da baki, amma ya wuce ba wanda ya tare.

Akwai kuma wani nau'in zaton da ya fi ba ni tsoro, domin ya yi kama da halinmu. Mu mutane ne masu kunya da kara. Yaro ba ya ce wa babba "ban gane ba, sake faɗa." Mai neman alfarma ba ya faɗin buƙatarsa kai tsaye, sai ya kewaya, yana jiran a gane. Wannan tarbiyya ce mai kyau a zaure da gidan surukai. A gaban jirgi kuwa, dubi abin da ta jawo wa wasu da ba Hausawa ba ma.

Daren 25 ga Janairun 1990, jirgin Avianca na ƙasar Kolombiya ya iso sararin New York cikin mummunan yanayi. Aka sa shi kewaye yana jiran layi fiye da awa guda. Mai ya yi ƙasa ƙwarai. Kyaftin yana ce wa mataimakinsa da Sifaniyanci ya gaya musu halin gaggawa ake ciki. Mataimakin, wanda shi ke riƙe da rediyo, ya ce wa na ƙasa suna neman a ba su fifiko, ya ce mai yana ƙare musu, amma bai taɓa furta kalmar da doka ta ware wa wannan hali ba. Suka gwada sauka iska ta hana, suka sake ɗagawa. Jami'in ya ce zai kai su can nesa kafin ya juyo da su, ya tambaya ko man zai kai. Mataimakin ya amsa cewa yana jin babu laifi, har da godiya. Injuna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Cikin mutum 158, 73 suka rasu. Kalmar da ake nema ita ce "Mayday", wadda ma asalinta Faransanci ne, daga "a taimake ni". Wanda ya faɗe ta sau uku, an share masa hanya, kowa ya kauce. Kuma ban wanke jami'an Amurka ba. Mutum ya ce maka mansa na ƙarewa da dare cikin hazo, mene ne wahalar ka tambaye shi saura minti nawa, ko yana ayyana halin gaggawa ne? Kowane ɓangare ya jira ɗaya ya fito fili.

Yanzu ga batun harshe, wanda ya shafe mu kai tsaye a wannan yanki. Bayan haɗarin Indiya na 1996, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tsaurara doka. Daga Maris 2008 ana buƙatar matuƙi da jami'in hasumiya masu aikin ƙasa da ƙasa su kai aƙalla mataki na huɗu cikin shida a jarrabawar Turanci, wanda ya tsaya a na huɗun kuma ana sake gwada shi bayan 'yan shekaru. Amma dokar ba ta hana amfani da harshen ƙasa ba. A ƙasashen da hukumar ASECNA ke kula da samaniyarsu, irin su Togo da Benin da Nijar da Burkina Faso, jami'i na iya magana da wannan matuƙi da Faransanci, ya juya ya yi wa na bayansa Turanci, duk a tasha ɗaya. Shi jami'in ya san abin da ya gaya wa kowa. Matuƙin da ya zo daga Legas ko Adis Ababa ko Istanbul fa? Rabin abin da ake faɗa a kewayensa ya wuce shi. Alhali matuƙa suna dogara ƙwarai da sauraron umarnin da ake ba wasu, da shi suke sanin wa ke gabansu, wa ke ƙasansu, kuma sau da yawa da shi suke kama kuskuren hasumiya.

Faransa da kanta ta ɗanɗana. Ranar 25 ga Mayun 2000 a filin Charles de Gaulle na Paris, aka ba jirgin Air Liberté izinin tashi da Faransanci, aka kuma ce wa wani ƙaramin jirgin kaya na Ingila ya hau titi da Turanci. Turawan Ingilan ba su san an saki wancan ba. Fiffikensa ya yanki gaban jirginsu, mataimakin matuƙi ya mutu.

Na san hujjar masu kare harsuna biyu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa mutum in ya shiga tashin hankali harshen da ya fi iyawa ne ke zuwa bakinsa, tilasta wa matuƙi da jami'i masu jin Faransanci su yi Turanci tsakaninsu na iya haifar da sabon kuskure. A ƙaramin fili irin na Sokode ko Dapaong, inda jirgi ɗaya ne zai sauka a yini in ma ya zo, na yarda da su. Amma Lome ba haka take ba. Tun da kamfanin ASKY ya fara aiki a 2010 ya mai da ita mahaɗa, jirage na shigowa kusan lokaci guda daga ƙasashen Faransanci da na Turanci, su sauke su kwashe su watse. A irin wannan fili, da na Yamai da Kwatano, ra'ayina shi ne a tsaya kan harshe ɗaya a rediyo, kuma tunda duniya ta riga ta zaɓi Turanci, shi ɗin. Ba don ya fi Faransanci ba. Don kowa ya ji abin da aka gaya wa kowa ne.

Kada kuma a ɗauka harshe ɗaya ya gama magana. Ranar 29 ga Janairun 2025, a Washington, jirgin fasinja da ke dab da sauka ya yi karo da helikwaftan soja, mutum 67 suka mutu. Duk masu maganar Turanci suke yi. Masu bincike sun ce umarnin da aka ba helikwaftan na ya bi ta bayan jirgin, da alama wani yankinsa bai shiga kunnensu ba, saboda sun danna makirfonsu na ƙasa da daƙiƙa ɗaya a daidai lokacin. Ƙasar da ta fi kowa kayan aiki ke nan.

Mu kuma namu kayan aikin fa? Shekara da shekaru, a wasu sassan samaniyar Afirka, ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya tana umartar matuƙa su riƙa sanar da junansu inda suke a kan mita 126.9, saboda ba a da tabbacin rediyon ƙasa zai kai gare su. Ka ji fa: direbobi na ba junansu hannu domin mai ba da hannu ba ya jin su. A Satumban 2022 jami'an kula da zirga-zirgar jirage na ASECNA sun shiga yajin aiki kan yanayin aiki da haƙƙoƙinsu, jirage suka tsaya cak a filaye da dama na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Mutane suka yi ta zaginsu saboda tafiya ta ɓaci. Ni kuwa abin da na tambayi kaina shi ne, mutumin da aka ɗora wa sauraron kowace lamba daga bakin matuƙa da yawa, awa nawa yake yi a zaune, kuma su nawa ne a ɗakin? Gajiyayyen kunne abin da yake sa ran ji shi yake ji. In gwamnati ta gina sabon ɗakin jiran fasinja mai gilasai ta yanka kintinkiri, kowa zai gani a talabijin. In ta ɗauki ƙarin jami'ai ko ta dasa tashar rediyo a daji, ba mai gani. Shi ya sa na biyun ke zuwa ƙarshe a kasafi.

Mu ma fasinjoji akwai namu. Wanda ya taso daga Dapaong ya ci fiye da kilomita 600 a mota kafin ya ga Lome, ko alhajin da ya yi kwanaki a sansani guzuri ya ƙare, in aka ce masa jirgi ya jinkirta saboda taya, na san abin da zai ji a ransa. Fushinsa halal ne, amma a kan masu shirya jigilar ya kamata ya sauka, waɗanda ke ɗauko jirage kaɗan su ɗora musu sawu da yawa, har jinkirin awa ɗaya ya zama asarar kwangila. Irin wannan matsi ne ya sallami jirgin Sakkwato a 1991. Haka nan in jirgi ya zo dab da ƙasa sai kuka ji injuna sun ɗau kuka ya sake yin sama, ba lallai ne matuƙi ya kasa ba. Sau da yawa shi ko na hasumiya ne ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ya zaɓi a sake da a yi zato. Wannan kewayen na ƴan mintoci aikin ƙwararru ne.

Wani abin da ke ba ni mamaki, manyan makarantu biyu da ke horar da masu wannan aiki a yankinmu duk suna inda ake jin Hausa a kasuwa. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tana nan tun 1964, makarantar EAMAC ta ASECNA kuma tana Yamai. Ɗaliban nan su ne gobe za su riƙa miƙa wa juna jirage a kan iyakar samaniyar Kano da ta Yamai, wannan da Turancin Najeriya, wancan da Turancin da ya koya a kan Faransanci. Ina ganin ya dace su riƙa zama aji ɗaya na wasu makonni kafin a yaye su, kowa ya saba da lafazin ɗan'uwansa a na'urar gwaji, inda kuskure ba ya kashe kowa. Kuma ina kira ga yaran zango da suka yi karatun kimiyya su nemi shiga. Yaron da ya tashi a Sokode yana Hausa a gida, Kotokoli a unguwa, Faransanci a makaranta, ya san tun yana ƙarami cewa kalma ɗaya na iya nufin abu biyu. ASECNA tana ɗaukar ɗalibanta ne ta hanyar jarrabawar gasa a ƙasashen da ke cikinta, Togo kuma tana ciki.